Bututu Ɗaya

Shekara ashirin da uku na yi ina kiwon tukunyar tururi
a masaƙar Kakuri, kafin a garƙame ƙofarta.
Da kunne nake gane ciwon ƙarfe.
Yau ga wani ɗan farin akwati, bai fi rediyo girma ba,
da ɗana Sagir ya kafa mini a banɗaki,
ya mai da ni ɗan koyo.

In na murɗa famfo, ruwa ya sauko da ɗumi
kamar tafin uwa a gadon baya.
In na saɓa sabulu har kunnuwa
sai ya juye, sanyi ƙalau,
irin na randar da ta kwana a waje cikin marka.
In ja da baya, in jira, haƙora na haɗuwa,
ya dawo da zafin fige kaza.

Wuta na fara zargi, ita ce mai laifin unguwa.
Na duba ƙwan fitila, haskensa cikakke, bai yi ja ba.
Na hau tsani, gwiwa na ƙara, na leƙa tanki:
ruwa har wuya, ganyen mangwaro biyu na iyo.
Na kwance kan shawa,
hudojin sun toshe da farin gishirin burtsatse.
Na jiƙa shi a ruwan lemon tsami ya kwana,
na bi su ɗaya bayan ɗaya da allura.
Washegari ya zubo kamar ruwan Agusta a kan kwano,
ya yi ɗumi, ya yi sanyi.
Hali zanen dutse.

Sai na kira Ishaya daga Fanteka.
Ya zo a babur, sufana a aljihun baya,
ya buɗe cikin akwatin, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.
Ya ce, "Baba, wannan lafiyarsa lau.
Yaushe kake wanka?"
Na ce in na dawo daga sallar asuba.
Ya ce, "Wa kuma ke tashi a lokacin?"

Ya bar shawa na zuba, ya ce in tara hannu,
ya zagaya ta kicin.
Na ji kukan famfo ta bango,
ruwan da ke tafina ya rame, ya huce.
Ya rufe, ɗumi ya dawo.
Sau uku muka yi, kamar yara masu wasa.

"Bututu ɗaya ke ba ku ruwa, kai da Mama.
In ta buɗe nata, ƙarfin ya rabu,
akwatin ya zaci an gama wanka, ya kashe kansa.
Dubu goma sha takwas, in ja mata nata daban."

Kande na tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar gasara,
ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.
Wata huɗu ina tsine wa kamfanin wuta,
ashe koko ake dama mini.

Na ce wa Ishaya zan yi shawara,
na ba shi kuɗin mai, na raka shi bakin titi.

Abin da ban gaya masa ba:
a watan jiya, da ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti,
ruwan bai yi mini gardama ko sau ɗaya ba.
Ɗumi daga farko har ƙarshe,
kicin a rufe, babu motsin cokali.
Na ɗauka ya gyaru ne da kansa.

Yau da asuba na shiga, na saɓa sabulu,
na tsaya, ido a rufe, ina jira.
Jirgin ƙasa bai yi kuka ba, zakaran maƙwabta ya yi.
Can sai sanyi ya sauko mini a ƙeya.
Na ɗaga murya: "Kande!"
Ta bango ta amsa:
"Saura tukunya ɗaya, Malam, daure."